Kuɗin Goro

Akwai wata magana da Hausawa su kan yi, su ce an yi wa mutane kuɗin goro. Ma'anarta ita ce an tara manya da ƙanana, masu kyau da masu sankara, an yanka musu kuɗi ɗaya, ba a tsaya an zaɓe ba. A wurin cinikin goro wanda ya yi hasara kuɗinsa kaɗai ya rasa. Amma idan aka ɗauki wannan hali aka kai shi kan 'yan Adam, abin ya kan yi nauyi ƙwarai. Mutum ɗaya ya cuci wani a kasuwa, sai wanda aka cuta ya koma gida ya ce dukan kabilar nan macuta ne. Mace ta sha wuya a hannun miji, sai ta ce wa 'ya'yanta mata babu namiji mai amana a duniya. Ma'ajin wata ekklesiya ya ci kuɗin baiko, sai mutanen gari su ce masu bi duka haka su ke.

Muna so a wannan wata mu duba wannan hali tare da masu karatu, gama ya shiga bakin mutane har ba su jin nauyinsa. Abin da za mu nuna shi ne, kuskure ne na tunani, kuma zunubi ne ga maƙwabci. Kalman nan "duka" ƙarama ce a baki, amma wanda bai ƙidaya ba ba shi da ikon faɗinta a kan mutane.

Ɗanɗana miya ba laifi ba ne

Bari mu fara da abin da ya ke daidai. Allah ya ba mutum hankali domin ya koyi abu mai yawa daga abu kaɗan. Uwargida ba ta shanye tukunya domin ta san ko gishiri ya ji. Ta kan motsa, ta ɗiba kaɗan a ludayi, ta ɗanɗana. Mai sayen dawa ba ya ƙirga ƙwayar da ke cikin buhu, ya kan cusa hannu ya ɗebo ya duba. Likita ya kan ɗibi jini kaɗan, daga nan ya gane abin da ke damun jiki duka. Yaron da wuta ta ƙona sau ɗaya ya san halin kowace wuta, ba sai ya taɓa ta biyu ba. Da ba mu da wannan baiwa, da kowace safiya mun tashi kamar jarirai.

Amma a lura da uwargidan nan. Kafin ta ɗanɗana sai da ta motsa miyar, domin abin da ke cikin ludayi ya zama iri ɗaya da abin da ke cikin tukunya. Mai sayen dawa kuma, idan ya san kasuwa, ba daga saman buhu kaɗai ya ke ɗiba ba, gama ya san masu algus su kan sa mai kyau a sama. Wuta kuwa halinta ɗaya ne ko'ina. Mutane fa? Su ba miya ba ne da za a motsa su zama ɗaya. Ciki ɗaya ya kan haifi Yakubu da Isuwa. Saboda haka ɗanɗanon da ya isa a kan miya bai isa a kan kabila ba.

Hanyoyi uku da tunani ya kan karkace

Ta fari ita ce a ga kaɗan a yanke hukunci a kan mai yawa. Mutanen Turai sun yi ɗaruruwan shekaru suna ganin wani babban tsuntsun ruwa mai dogon wuya, mai kama da dinya, wanda su ke kira suwan. Duk wanda suka gani fari ne fat, har suka mai da baƙinsa misalin abin da ba shi yiwuwa. A shekara ta 1697 waɗansu matuƙan jirgin ruwa na ƙasar Holanda suka isa yammacin Ostareliya, sai ga baƙaƙe suna iyo a kogi. Idanun kakanninsu ba su yi ƙarya ba, fararen da suka gani farare ne. Bakinsu ne ya wuce idonsu, suka ce "duka" alhali ƙasarsu kaɗai suka sani. Idan haka ya faru ga waɗanda suka ga tsuntsaye dubbai, ina ga wanda ya san mutum biyu ko uku daga cikin kabila mai mutum miliyan?

Ta biyu ita ce ɗiba daga saman buhu. Wani zai ce, "Ni ba kaɗan na gani ba, na ga da yawa." To, yawa kaɗai bai isa ba. A shekara ta 1936 wata babbar mujalla ta Amurka mai suna Literary Digest ta so ta san wanda zai ci zaɓen shugaban ƙasa. Ta aika da takardun tambaya wajen miliyan 10, aka komo mata da fiye da miliyan 2. Ta ƙirga, ta yi shela cewa Landon zai kada Roosevelt. Ranar zaɓe Roosevelt ya ci jihohi 46 daga cikin 48. Ina kuskuren ya fito? Yawancin sunayen daga littafin masu tarho da na masu mota aka samo su, a zamanin da talauci ya yi tsanani, kuma waɗanda suka fi jin haushin gwamnati su suka fi ɗaukar alƙalami su amsa. Wani mutum mai suna George Gallup ya tambayi mutane kaɗan ƙwarai in an gwada da nasu, amma ya yi ƙoƙari ya gauraya su, ya kuwa faɗi wanda zai ci daidai. Kafin shekara biyu ta cika mujallar nan ta mutu.

Haka labari ya ke zuwa mana. Mutum dubu sun je kasuwa sun komo lafiya, babu mai ba da labarinsu. Ɗaya aka yi wa fashi, kafin magariba gari duka ya ji. Makiyayi ɗari sun wuce ta gefen gona ba su taɓa kome ba, ba wanda ya sani. Ɗaya ya bar shanu suka shiga dawa, sai a kai magana har gaban hakimi. Abin da ke isa kunnenmu a rediyo da waya saman buhu ne, gama mugun labari ya fi gudu. Ɗan sanda da masu laifi ya ke yini, likita da marasa lafiya. Kowannensu idan bai yi hankali ba sai ya zaci duniya duka kamar ɗakin aikinsa ta ke.

Ta uku ita ce mutum ya riƙe abin da ya goyi bayan ra'ayinsa, ya manta da abin da ya saɓa masa. Wani masanin Ingila, Francis Bacon, ya maimaita wani tsohon labari na Helenawa a cikin littafinsa na shekara ta 1620. An kai wani mutum ɗakin tsafi, aka nuna masa hotunan waɗanda suka yi wa gunki wa'adi cikin hadarin teku suka tsira, domin ya yarda gunkin yana da iko. Sai ya tambaya inda aka rataye hotunan waɗanda suka yi wa'adi suka nutse. Da wannan dabara bokaye su ke cin abinci har yau, da masu kiran kansu annabawa. Su faɗi abu ashirin, ɗaya ya faru, a yi ta yayata ɗayan, goma sha tara kuwa a binne. Haka kuma wanda ya riga ya ƙudura cewa wata kabila mayaudara ce. Idan ɗansu ya yaudare shi sai ya ce, "Ba na faɗa ba?" Idan ɗansu ya mayar masa da kuɗin da ya yar, sai ya ce, "Wannan dai ya fita daban." Da irin wannan lissafi babu shaidar da za ta taɓa juya shi.

Abin da ke ingiza zuciya

Ba rashin ilimi kaɗai ke jawo kuɗin goro ba. Sau da yawa daga zuciya ya ke tasowa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ba za mu yi masa dariya ba, gama saran gaskiya ne. Amma tsumman bai zama maciji ba.

Ku duba annabi Iliya cikin 1 Sarakuna sura 19. Ya gudu daga gaban Jezebel, ya gaji, ya karai, har ya roƙi mutuwa. A dutsen Horeb ya yi ƙara ga Ubangiji sau biyu cewa Isra'ila ta watsar da alkawari, shi kaɗai ya rage. Abin mamaki, a sura 18 Obadiya ya riga ya gaya masa baki da baki cewa ya ɓoye annabawan Ubangiji 100 cikin koguna, hamsin hamsin, yana ciyar da su. Iliya ya ji wannan da kunnensa, amma tsoro da gajiya suka shafe shi daga lissafinsa. Ubangiji bai fara da tsawatawa ba. Tun a hanya ya ba shi abinci da barci. Daga baya ya gyara masa lissafi, ya sanar da shi akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Mai Zabura kuma ya shaida cewa cikin firgita ne ya taɓa kiran dukan mutane maƙaryata (Zabura 116:11). Darasi ke nan a gare mu: ranar da aka ɓata maka rai, ko ranar da ka dawo daga jana'iza, kada ka yanke hukunci a kan jama'a.

Ibrahim ma da ya sauka a Gerar ya ɗauka babu tsoron Allah a wurin ko kaɗan, saboda haka ya ɓoye cewa Saratu matarsa ce (Farawa sura 20). Ƙarshenta Abimelek, sarkin da ya raina, shi ne ya tsaya a gabansa yana tuhumarsa da gaskiya. Mugun zato a kan garin mutane ya jawo bawan Allah cikin yaudara.

Gaggawa ma tana cikin masu ingizawa. Sa'ad da jirgin Bulus ya fashe a tsibirin Malita, maciji ya ɗafe masa hannu, mutanen wurin suka ce lalle mai kisankai ne. Da suka jira bai kumbura ba, sai suka juya suka ce allah ne (Ayyukan Manzanni 28). Hukunci biyu cikin sa'a ɗaya, dukansu kuskure. Wannan ya tuna mana kuɗin goro yana da fuska biyu. Wanda ya ce dukan waɗancan miyagu ne, shi ne kuma zai ce dukan namu na kirki ne, har ya miƙa kuɗin gwauruwa ga mazambaci don ya zo da Littafi Mai Tsarki a hammata.

Mafi muni shi ne girman kai. Mordekai mutum ɗaya ne, shi ne ya ƙi rusuna wa Haman. Amma Haman ya ga kashe mutum ɗaya bai isa fushinsa ba, sai ya nemi hallaka dukan Yahudawan da ke cikin larduna 127 na mulkin Farisa (Esta sura 3). Da ya je gaban sarki bai ambaci Mordekai ba. Ya ce akwai wata al'umma mai dokoki dabam, wadda ba ta bin dokar sarki. Bai kuma faɗi cewa Bayahuden nan ne ya taɓa tona asirin masu shirin kashe sarkin ba. Duk wanda ya ke so ya rama abin da mutum ɗaya ya yi masa a kan jama'a, wannan hanya ya kan bi: ya ɓoye sunan mutumin, ya fito da sunan kabilarsa.

Abin da ya jawo mana a ƙasarmu

Kada mai karatu ya zaci wannan zancen makaranta ne kawai. A watan Janairu 1966 waɗansu hafsoshin soja ƙalilan, yawancinsu Ibo, suka yi juyin mulki, suka kashe Sardaunan Sakkwato da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da waɗansu manya. Baƙin cikin Arewa na gaskiya ne. Amma a watan Mayu da Satumba na wannan shekara aka faɗa wa 'yan kabilar Ibo a garuruwan Arewa, 'yan tireda da ma'aikatan jirgin ƙasa da mata da yara, waɗanda ba su taɓa riƙe bindiga ba, aka kashe dubbai. Daga nan ƙasa ta faɗa yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. Hausawa sun ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A shekaran nan ruwa ya doki waɗanda ba su ja shi ba.

Ga wani misali. A shekara ta 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin sabon magani a cikin yara 200. Yara 11 suka mutu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye kuwa suka ce ba a nemi yardarsu ba, aka yi shekaru ana shari'a. Kukan iyayen nan yana da dalili. Amma a shekara ta 2003, da jita-jita ta tashi a kan riga-kafin shan-inna, tunawa da abin da ya faru ta taimaka mutane suka ce dukan maganin da ya fito daga waje makirci ne. Aka dakatar da riga-kafi a waɗansu jihohi, Kano ba ta koma ba sai watan Yuli 2004. Cutar ta yaɗu zuwa ƙasashe wajen 20 da suka riga suka rabu da ita, har Yaman da Indonesiya. Sai a watan Agusta 2020 aka tabbatar nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali. Yaran da suka shanye a tsakanin nan ba su san kome ba game da gardamar manya.

Shaidar zur

Doka ta tara ta hana mu yin shaidar zur a kan maƙwabci (Fitowa 20:16). Mutane da yawa suna tsammani wannan doka a gaban alƙali kaɗai ta ke aiki. Amma mu yi lissafi. Idan ka ce wane ɓarawo ne alhali bai yi sata ba, ka yi wa mutum ɗaya shaidar zur. Idan ka ce mutanen gari kaza ɓarayi ne, garin kuwa yana da mutum 5,000, ɓarayinsa 50 ne, ka yi wa mutum 4,950 shaidar zur da numfashi ɗaya. Abin mamaki, na farin ne mutane su ke jin kunyarsa, na biyun kuwa a kan faɗe shi a bakin ƙofar majami'a a yi dariya.

Shari'ar Musa ba ta yarda a hukunta mutum ɗaya da bakin shaida ɗaya ba, sai biyu ko uku (Kubawar Shari'a 19:15). Ko a kan gari aka kawo ƙara, an umarta a bincika, a yi tambaya sosai kafin a ɗaga hannu (13:14). An hana a kashe uba saboda ɗa, ko ɗa saboda uba (24:16), annabi Ezekiyel kuma ya ba da sura 18 gaba ɗaya ga wannan magana. Idan Allah bai ɗora wa ɗa laifin ubansa ba, wa ya ba mu izni mu ɗora wa mutum laifin wanda bai taɓa gani ba, don harshensu ɗaya?

Mu Kirista Hausawa mun san zafin wannan hali a jikinmu. Sau nawa a ke ce mana babu Bahaushe Kirista? A wani wuri a ce mun bar Hausanci, a wani wuri kuma 'yan'uwa masu bi su ji harshenmu su ga rigarmu su ja da baya. Alhali kuwa Likita Miller ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905, an buga Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, kuma Barau Dikko, likita na fari daga Arewa, Bafillace ne Kirista. Wanda ya san ɗacin abu bai kamata ya ba wani ya sha ba.

Ga abin da ya kamata kowane mai bi ya riƙe. Ran 23 ga Yuni 2018 'yan bindiga suka faɗa wa ƙauyuka a ƙasar Barikin Ladi ta Jihar Filato, suka kashe mutane da yawa. Masu gudu, yawancinsu Kirista, suka isa ƙauyen Nghar Yelwa. Limamin wurin, Malam Abubakar Abdullahi, tsoho ɗan shekara 83, ya shigar da mutum 262 masallacinsa da gidansa. Da maharan suka zo ya tsaya a ƙofa ya ƙi ba da su, yana roƙo, har ya miƙa ransa a madadinsu. A shekara ta 2019 gwamnatin Amurka ta ba shi lambar girma. Duk mai bi da ya buɗe baki ya ce Musulmi duka maƙiyanmu ne, ya sani ya yi wa tsohon nan shaidar zur, tare da dukan masu hali irin nasa waɗanda ba a buga sunansu a jarida ba.

Waɗansu za su ce

Wani zai ce, ai Hausawa sun ce wake ɗaya shi ke ɓata gari. Gaskiya ne, haka mutane su ke yi, shi ya sa kowane mai bi zai kiyaye tafiyarsa, gama laifinsa zai shafi sunan ekklesiya. Karin maganan nan gargaɗi ne ga waken. Bai ba mai kallo izni ya zubar da buhu ba. Waɗanda suka yi shi su ne kuma suka ce ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Cikin manzanni 12 akwai Yahuza. Da wani ya zo ya ce almajiran Yesu masu cin amana ne tun da ma'ajinsu ya sayar da Ubangijinsa, da mun ce ya yi zalunci. To, awon da mu ke so a yi mana, da shi za mu yi wa waɗansu.

Wani mai karatun Littafi zai ce, ai Bulus da kansa ya kawo maganar wani mutumin Karita cewa mutanen tsibirin maƙaryata ne, ya kuma amince da ita (Titus 1:12, 13). Sai mu karanta surar daga farko. A cikinta ne Bulus ya umarci Titus ya naɗa dattawa a kowane gari na tsibirin, mutane marasa abin zargi, masu kamewa, masu riƙe da gaskiya. Daga ina zai samo su, in ba daga cikin mutanen Karita ba? Ashe Bulus yana maganar wata mummunar al'ada ce da ta yi yawa a wurin, domin a tsawata a gyara. Ana iya cewa wani hali ya yi yawa a wani wuri, idan an bincika an tabbata. Amma sa'ad da mutum ɗaya ya tsaya a gabanka, shi za ka auna.

Wani kuma zai ce, zamani ya lalace, hanya ba lafiya, za mu yar da hattara ne? A'a. Ubangiji ya ce mu haɗa wayon maciji da rashin ɓarnar kurciya (Matta 10:16). Idan an ce ana tare mutane a wata hanya, kada ka bi ta da dare. Ka kulle ƙofarka, ka ƙirga canjinka. Hattara tana tsare ka ba tare da ta kira kowa mai laifi ba. Amma ranar da ka hana ɗan haya ɗaki, ko ka hana 'yarka auren saurayi mai bi mai hali, ko ka nuna baƙo da yatsa a cikin taro, ba domin abin da ya yi ba sai domin inda ya fito, ka bar hattara ka hau kujerar alƙali.

Akwai wuri ɗaya da Littafi ya ce "duka" ba togiya, watau cewa dukan mutane sun yi zunubi (Romawa 3:23). Wanda ya ga kowace zuciya ne ya faɗe shi, saboda haka yana da iko. Ku lura kuma, wannan "duka" bai raba mu da su ba. Ya haɗa mai magana da wanda a ke magana a kansa wuri ɗaya, a gaban gicciye ɗaya.

Magani

Sa'ad da Filibus ya gaya wa Natanayilu ya sami wanda annabawa suka yi zancensa, Yesu na Nazarat, Natanayilu ya yi shakkar ko wani abin kirki zai iya fitowa daga garin nan (Yohanna 1:45, 46). Kuɗin goro ya kusa hana shi ganin Mai Ceto. Filibus bai yi gardama da shi ba, ya gayyace shi ya zo ya gani da idonsa. Natanayilu ya tashi ya je, wannan ne ya cece shi. Gani ya kori ji. Bitrus ma sai da ya shiga gidan Karniliyus, sojan Roma, kafin ya gane Allah ba ya tara (Ayyukan Manzanni 10). Ubangijinmu da kansa, da ya so ya koya wa masanin Attaura ma'anar maƙwabci, daga cikin Samariyawa da Yahudawa suka raina ya ɗauko mai jinƙan.

Saboda haka muna ba masu karatu tambayoyi huɗu, su yi wa kansu kafin kalman nan "duka" ta fita daga bakinsu. Mutum nawa na gani da idona? Su wane ne ban gani ba, kuma me ya hana labarinsu zuwa wurina? Na san ko mutum ɗaya da ya saɓa wa abin da zan faɗa? Da a kan jama'ata aka faɗi wannan magana da irin wannan shaida, da na yarda? Wanda ya amsa waɗannan da gaskiya, sau da yawa zai ga "duka" ta koma "waɗansu", wani lokaci ma ta koma "wane". Idan ta koma "wane", to, Matta 18:15 ya nuna hanya: ka je wurinsa, kai da shi kaɗai.

Iyaye, ku kula da abin da ku ke faɗa a gindin murhu, gama yaro ba ya ƙin wata kabila sai ya ji a gida. Masu wa'azi da malaman makarantar Lahadi, kada mu nemi dariyar jama'a da ba'a a kan wata kabila, ko mu hura fushinsu da laifin da ba mu bincika ba. Dattawan ekklesiya, idan ɗan'uwa ya zo da ƙuna a zuciya yana zagin al'umma duka, ku fara yi masa abin da aka yi wa Iliya. Ku saurare shi, ku ta'azantar da shi, sa'an nan ku tuna masa da 7,000.

Makiyayi mai kyau yana kiran tumakinsa kowace da sunanta (Yohanna 10:3). Bai yi mana kuɗin goro ba, ya san kowannenmu shi kaɗai, da laifinsa da hawayensa. Allah ya ba mu alheri mu dubi maƙwabtanmu haka, ya tsare harshenmu daga shaidar zur. Amin.